Ba zagi ba ne, amsarka suke jira

Ka ce kamfanin da kake neman aiki a wurinsu sun turo maka saƙon imel game da albashi, suka rufe da "the ball is in your court", kana tambaya ko baƙar magana ce. A'a, malam, babu zagi a ciki. Nufinsu sun yi nasu, yanzu saura kai: ko ka amince, ko ka ƙi, ko ka kawo wani tayin. Daga wasan tanis maganar ta samo asali. Idan ƙwallo ta faɗo ɓangarenka na fili, abokin karawarka ba shi da abin yi sai ka bugo masa.

Sai dai ka duba jimlar da ta gabace ta, domin a nan zafinta ko sanyinta yake. In sun ce ka yi nazari ka sanar da su, magana ce ta girmamawa, kuma da sauran damar ciniki. Amma in ka ga sun ambaci "final offer", wato tayin ƙarshe, to a fakaice suna gaya maka ba za su ƙara ko sisi ba. Kada ka ɗauke ta kamar an ce wuƙa da nama suna hannunka. Yanke shawara kawai aka bar maka, ba iko ba. Na sha ganin masu neman aiki sun yi shiru suna jiran a sake tuntuɓarsu, har aka ba wani gurbin. Ko ba ka gama shawara ba, rubuta musu layi biyu yau, ka faɗi ranar da za su ji daga gare ka.