Me ya sa matasan 'yan sinuka ke shan kashi da zarar sun shiga cikin ƙwararru?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina bibiyar gasar sinuka ta ƙwararru a waya. Na lura yaro zai lashe gasar matasa a yi ta yabonsa, amma da ya shiga cikin manya sai kakar wasa ta ƙare bai taɓuka abin kirki ba, bayan shekara biyu ma a daina jin ɗuriyarsa. Alhali an ce Ronnie O'Sullivan ya ɗauki babban kofi yana ɗan shekara 17. Yaran yanzu ne ba su kai na da ba, ko akwai wani dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka lura da shi haka yake, amma kada ka yi saurin yanke wa yaran hukunci. Sakamakon kaka ta farko da ta biyu ba ya nuna iyakar ɗan wasa, domin tsarin gasar kansa yana matse sabon shiga, komai baiwarsa.

Rukunin ƙwararru na duniya yana ɗaukar 'yan wasa kimanin 128. Wanda ya samu shiga, ko ta gasar tantancewa ta Q School da aka fara a 2011, ko ta lashe gasar masu tasowa ta duniya ko ta nahiyarsa, ana ba shi katin zama na shekara biyu. In wa'adin ya cika bai shiga cikin 64 na sama ba, katin ya faɗi, ban da 'yan ƙalilan da ake ceto saboda ƙoƙarinsu a kakar ƙarshe. Matsayi kuwa, tun kakar 2014/15, da kuɗin da mutum ya ci a gasa cikin shekara biyu ake lissafa shi. Sabon shiga da sifili yake farawa, don haka yana can ƙasan jadawali, kuma na ƙasa shi ake haɗawa da gogaggu tun zagayen farko, ko a sa shi ya faro daga matakin share fage mafi nisa. A gasar kofin duniya, 16 na sama kai tsaye suke wucewa zauren Crucible da ke Sheffield a Ingila, shi kuwa na ƙasa sai ya ci dogayen wasanni huɗu kafin ya taka ƙofar zauren. A gasa da yawa kuma, wanda aka fitar a wasan farko ko kwabo ba ya samu, alhali ya biya kuɗin mota da masauki da wurin atisaye. Sai daga kakar 2022/23 aka fara ba kowane ƙwararre lamunin fam 20,000 a shekara, shi ma ana cire shi daga abin da ya ci.

Wannan ke nan ta fuskar lissafi. A kan teburi kuma wani darasin ne daban. Yaro yana lashe gasar matasa da kaifin ido da iya jefa ƙwallo a rami, domin in ya yi kuskure abokin karawarsa ma zai yi, dama ta sake dawowa. A cikin manya, kuskure ɗaya ya isa ka koma kan kujera ka zuba ido har a share teburin. Abin da ya fi ɗaukar lokaci kafin ya zauna a hannun matashi shi ne wasan tsaro, wato ajiye farar ƙwallo inda abokin karawa ba zai samu hanya ba, da sanin lokacin da ya kamata a haƙura da bugun da ke da haɗari. Teburin gasa ma ba irin na kulob ba ne: ƙyallensa ya fi santsi, ana ɗumama shi daga ƙasa, bakin raminsa kuma ba ya yafiya. Ga wasannin farko gajeru a gasa da yawa, wanda ya riga cin zubi huɗu ya wuce (zubi shi ne karawa guda, daga jera ƙwallaye a kan teburi har a samu wanda ya ci). Cikin awa biyu an sallame ka, sai ka jira makonni kafin wata gasar, kana ta juya abin a zuciya.

Batun O'Sullivan da ka kawo, gaskiya ne. Ya zama ƙwararre a 1992 yana da shekara 16, ya ci 74 daga cikin wasanninsa 76 na farko, sannan a 1993 ya doke Stephen Hendry da 10-6 ya ɗauki kofin Birtaniya kafin ya cika 18. Har yau ba a samu wanda ya lashe babbar gasa da ƙarancin shekaru irin nasa ba. Sai dai a wancan zamanin an buɗe ƙofa ga duk mai iya biyan kuɗin rajista, ƙwararru sun kai ɗaruruwa, kuma shi da John Higgins da Mark Williams sun yi watanni a Blackpool suna buga wasan share fage kusan kullum, galibi da waɗanda ba su kai su ba. Hannu ya faɗa, zuciya ta saba da cin wasa. Yaron yau ba shi da wannan tsanin. Duk da haka O'Sullivan bai ɗauki kofin duniya ba sai 2001, yana da shekara 25. Kuma mutanen nan uku har yanzu ba su ba da wuri ba: O'Sullivan ya ɗauki kofin duniya na bakwai a 2022 yana da shekara 46, Williams ya kai wasan ƙarshe a 2025 yana da shekara 50. Sinuka ba ƙwallon ƙafa ba ce da gwiwa ke korar mutum, saboda haka matashi yana kokawa ne da tsarar mahaifinsa da ke da gogewar shekara talatin.

Faɗuwa daga rukunin ma ba ita ce ƙarshen labari ba. Kyren Wilson ya shiga a 2010, kaka ɗaya ya yi ya faɗo, ya dawo a 2013, ya lashe gasar Shanghai a 2015, ya zama zakaran duniya a 2024. Neil Robertson ya faɗo ya koma gida Ostareliya kafin ya sake yunƙurawa a 2003, ya ɗauki kofin duniya a 2010. Judd Trump bai faɗo ba, amma ya shiga a 2005, babban kofinsa na farko kuma sai 2011 a ƙasar Sin. Luca Brecel na Beljiyam ya taka Crucible a 2012 yana da shekara 17, ya je sau biyar bai ci wasa ko ɗaya ba, zuwa na shida a 2023 ya tafi da kofin.

Wanda ya fi burge ni a wannan babi shi ne Si Jiahui na ƙasar Sin. Ya shiga a 2019, ya rasa katinsa a 2021. A ƙarshen shekarar nan, yana matsayin wanda ba ƙwararre ba, aka sa shi cike gurbi a gasar kofin Birtaniya, ya fitar da tsohon zakaran duniya Shaun Murphy da 6-5, har Murphy ya fito ya yi ƙorafin barin irinsu su shiga gasar ƙwararru. A 2022 Si ya lashe gasar masu tasowa ta duniya ya karɓo katinsa, a 2023 kuma, yana da shekara 20, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Crucible. Ya ba Brecel tazarar 14-5 kafin a kamo shi a ci shi 17-15. Duk wanda ya dubi sakamakonsa na shekara biyun farko kaɗai, da ya ce yaron ba zai yi nisa ba.

Akwai gefen da ke damuna ƙwarai. Yaro ɗan shekara 17 ya bar iyayensa a Sin ya tare a Sheffield, ba ya jin harshen garin, aljihu ba nauyi, shan kashi ya yi yawa, irin wannan shi masu cacar sayar da wasa ke farauta. A 2023 an hukunta 'yan wasan Sin goma kan badaƙalar caca da sayar da wasa, an kori Liang Wenbo da Li Hang har abada, Yan Bingtao da ya lashe gasar Masters a 2021 yana da shekara 20 aka dakatar da shi shekara biyar. Laifi laifi ne, ba na wanke kowa, amma ina ganin hukumar wasan na da alhakin kula da yaran da take ba kati. Zhao Xintong, da aka dakatar wata 20 a wannan shari'ar, shi ma ya taɓa faɗowa a 2018, ya dawo bayan hukuncin ya zama ɗan Sin na farko da ya ɗauki kofin duniya a 2025.

Mu ma a Afirka ana ware wa zakaran nahiyar kati, 'yan Masar da Maroko ne suka fi samu, irin su Amine Amiri a 2019. Tazarar da suke tararwa ta fi ta kowa, domin babban teburi mai tsawon ƙafa 12 da abokan atisaye masu ƙarfi sun yi ƙaranci a gida.

Saboda haka in kana duba sakamakon matashi, kada ka tsaya a yawan wasannin da ya ci. Duba wa ya doke shi, da kuma da nawa: wanda ke faɗuwa 4-3 a hannun 'yan 16 na sama ya fi wanda ake yi wa 4-0 a hannun tsararsa. Kwatanta kuɗin kakarsa ta biyu da na farko, ka ga ko yana hawa. Lura da yadda yake yi a zubin raba gardama, da kuma ko ya fara cin zubin da aka daɗe ana ɓoye wa juna ƙwallo, domin nan ne balagar wasa ke bayyana. Ka yi la'akari da shekarunsa kuma. Iulian Boiko na Yukiren ya samu kati a 2020 yana da shekara 14, ya rasa shi a 2022 yana da 16, shekarun da yawancin zakarun da na lissafa ko dai ba su shiga ba ko kuma a lokacin suke shiga. A ganina bai kamata a riƙa ba yaro kati da wuri haka ba, gara ya ƙara shekara biyu ko uku yana cin wasa a gasar masu tasowa kafin a tura shi gaban su Higgins.