Sau biyu ina faɗuwa gwajin tuƙi alhali na iya mota, ina matsalar take?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Sau biyu kenan ina zuwa gwajin tuƙi ana kayar da ni, kuma wallahi na iya mota, ina ja, ina ribas, ina fakin, ban taɓa goga wa kowa ba. Na farkon dai na san laifina, mota ce ta mutu min a kan hawa na rikice. Amma na biyun har muka je muka dawo lafiya ƙalau ban ga abin da na yi ba, sai kawai mai gwajin yace ban ci ba wai bana duba hanya. To ta yaya mutum zai yi tuƙi bai duba hanya ba? Na fara tunanin ko da gangan suke yi. Wai me ke kayar da mutane ne a gwajin nan?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Na san da ciwo, kin shirya kin je da ƙarfin gwiwa a ce miki ki dawo wani lokaci. Amma ki cire zancen da gangan ɗin nan a ranki tukuna, domin abin da mai gwajin ya faɗa miki shi ne ya fi kayar da masu koyo, kuma yawancin waɗanda ya kayar ba sa sanin sun yi shi.

Kin ce kin iya mota, ban musa ba. Amma iya juya sitiyari da canza giya rabin aikin ne. Wanda yake zaune gefenki da takarda a hannu tambaya ɗaya yake wa kansa tun daga tashi har dawowa: in aka bar wannan ita kaɗai a titi gobe, ba malami a gefe, zata kai kanta gida ba ta jefa kowa a haɗari ba? Kuma ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin kanki sai abin da ya gani da idonsa. A Ingila hukumar gwajin tuƙinsu tana fitar da jerin abubuwan da suka fi kayar da mutane, shekara da shekaru na ɗaya shi ne rashin duba hanya da kyau a mararraba, na biyu rashin duba madubi kafin a canza hannu. Ba ribas ba, ba fakin ba, waɗanda su ne masu koyo suke kwana da fargabarsu.

Bari in zana miki yadda abin yake faruwa, ki duba ko zaki gane kanki a ciki. Kin taho daga ƙaramin layi zaki hau babban titi. Kin rage gudu, kin ɗan wurga ido gefe ɗaya tun kafin ki iso bakin titin, a inda katanga ko motar da aka faka ta tare miki rabin gani, kinga kamar ba kowa, sai kika shige. Allah ya kiyaye babu abin da ya taho, shi yasa a wurinki lafiya ƙalau aka dawo. Amma shi mai gwajin ya ga cewa da akwai mai babur a lokacin da baki gan shi ba, sa'a ce ta fitar da ke ba duba ba, kuma ba a ba da lasisi kan sa'a. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kinga kenan dubawar da kika yi daƙiƙa uku da suka wuce ta riga ta tsufa, wanda yake can nesa da mita 40 yanzu yana gabanki. Abin da ake so shi ne ki iso bakin titin a hankali a giyar da ta dace, ki duba ɓangarorin biyu, ki sake duba ɓangaren da mota zata fara cim miki, in baki gani sosai ki riƙa silalowa kaɗan kaɗan har ganinki ya buɗe, sannan ki yanke shawara. Kuma ki juya kanki da gaske, ba satar kallo da wutsiyar ido ba.

Madubi ma haka. Tsarin ba ya canzawa: madubi, sigina, sannan motsi. Masu koyo da yawa suna juya shi, su fara karkata sitiyari sannan su kunna sigina sannan su leƙa madubi, to a lokacin me dubawar zata amfana, kin riga kin shiga hannun wani. Sigina sanarwa ce kawai, ba ta ba ki hanya. Sannan akwai wani yanki a gefen mota ta baya wanda madubi ba ya kamawa ko kaɗan, mota sukutum tana iya ɓuya a wurin balle keke ko babur, don haka duk lokacin da zaki tashi daga fakin a gefen titi sai kin waiga ta kafaɗarki, in zaki canza layi kuma ki ɗan waiga gefen da sauri. Ki kuma sani madubin gefe da yake da ɗan doro yana nuna abu kamar yana nesa alhali ya fi haka kusa, na ciki shi ne yake ba ki nisa na gaskiya.

Maganar mutuwar mota a kan hawa kuwa, ina so ki ji wannan da kyau domin tana karya zuciyar mutane a banza. A yawancin wurare mutuwar mota ita kaɗai ba ta kayar da mutum, sai in ta mutu a wuri mai haɗari ko ta yi ta maimaituwa. Abin da ke biyo baya ne yake kayarwa, mutum ya rikice ya manta da birki mota ta fara gangarawa baya, ko ya tada ta ya figa a guje don jin kunya bai duba komai ba. In ta mutu ki taka birki, ki ja birkin hannu, ki danne kuloci ki tada ta, ki sa giya ɗaya, ki ɗan ba ta totur ki ɗago kuloci a hankali har kiji ƙarar injin ta sauya gaban motar ya ɗan ɗaga kamar tana son tafiya, ki riƙe ƙafarki a nan, ki duba madubi da kafaɗa, sannan ki saki birkin hannu. Na bayanki ya danna hon ɗinsa, ba shi ke ba ki maki ba.

Akwai wani kuskuren da yake zuwa bayan an faɗi sau ɗaya ko biyu, kuma ina tsoron ke ma ki faɗa masa a zuwa na uku, wato tsoro ya sa ki koma rarrafe. Mutum ya ɗauka in yana tafiya a hankali sosai ba za a kama shi da laifi ba, sai ya hau titin da ake gudu ya maƙale a giya biyu motoci sun yi layi a bayansa, ko ya tsaya a shataletale hanya ta buɗe sau uku bai shiga ba. Wannan ma laifi ne ana rubuta shi, domin yana tura na baya su yi ganganci wajen wuce ki. A ɗaya ɓangaren kuma wuce iyakar gudun da aka rubuta a allo yana iya gama gwajin nan take. Ki tuna in gudu ya ninka biyu nisan da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa huɗu yake yi. Tazara tsakaninki da na gaba kar ta gaza daƙiƙa 2 a busasshen titi, in ana ruwa ki ninka.

Alamomin hanya ba sai na ja da tsawo ba. Jan allo mai kusurwa 8 tsayawa cak yake nufi, tayoyi su daina juyawa ko da babu kowa, silalewa a hankali ba tsayawa ba ce. Fitila mai ruwan ɗorawa tsayawa take nufi in zaki iya tsayawa lafiya, ba ƙara wuta ba. Mai tafiya a ƙasa in ya hau wurin tsallakawarsa haƙƙinsa ne ki jira. Bel kuma tun kafin ki tada mota, tare da gyara kujera da madubai.

A fakin da ribas, kar ki zuba ido a madubi ɗaya ko a kamarar baya kina lissafin layi ki manta da duniya. Ki riƙa waigawa ko'ina, in wani ya taho ki tsaya ya wuce. In motar bata shiga daidai ba ki fito ki gyara, ba a hana gyara ba, hawa kan dakalin gefen titi ko kusantar motar wani shi ne matsala. Sauri ya haifi nawa a nan. Ki kuma daina danne kuloci tun daga nesa ko sa mota a firi tana gangarawa, yana rage miki iko da ita, masu gwaji suna lura da ƙafa fiye da yadda kike zato.

Kar ki riƙa yanke wa kanki hukunci ana cikin gwaji. Ba duk kuskure ne yake kayarwa ba, a Ingilar da na ambata mutum yana iya yin ƙananan kurakurai har 15 ya ci, amma babba guda ɗaya mai haɗari ya isa ya kayar da shi, kuma wurare da yawa suna da irin wannan rabon na ƙarami da babba ko da lissafin ya bambanta. Na sha ganin mai koyo ya yi ƙaramin kuskure a farkon tafiya, ya sa a ransa ya riga ya faɗi, hankalinsa ya tafi can, sai ya tafka babban a mararraba ta gaba. In ma kin ɓata hanyar da aka ce ki bi, kar ki fizge sitiyari don ki gyara, ki cigaba lafiya shi zai dawo da ke. In baki ji umarni ba ki ce ya maimaita.

Kafin ki sake yin rajista, ki nemi takardar sakamakon gwajin biyun in ana bayarwa a inda kike, ki kai wa ƙwararren mai koyarwa, ba ɗan uwan da ya daɗe yana tuƙi kawai ba, domin tsofaffin direbobi da yawa sun saba da abubuwan da gwaji ba ya yafewa kuma su suke koya wa na ƙasa da su. Ki ce ya yi miki gwajin gwaji, ya zauna shiru yana rubutu ba ya taimaka miki da komai. Sannan a sauran darussan ki riƙa faɗin abin da kike gani da baki kina tuƙi, ga mararraba, na duba madubi, ga mai keke a dama, zan jira shi. Duk inda kika ji bakinki ya yi shiru to a nan idonki yake tsallakewa, wurin zaku maimaita har ya zauna. Allah ya ba da sa'a a zuwa na gaba.