Tambaya da Amsa: Yawan saiteshan ne ke nuna gwanin binciken tarin fuka?

Tambaya: Salam Dakta. Ina shirin fara digiri na uku a kan tarin fuka, malamai biyu ne nake tunanin ɗaya ya zama sufabaiza ɗina. Na duba Google Scholar, shafin neman takardun bincike, sai na ga ɗaya an ambaci takardunsa sau dubbai, ɗayan kuma ɗaruruwa ne kawai duk da ya fi daɗewa a lab. Wannan lamba ta isa in yanke hukunci da ita? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Gaskiya ba ta isa ba, amma kuma kar ki yar da ita. Saiteshan yana ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da takardar mutum ne a cikin nasu rubutun, shikenan. Shi kuma ma'aunin h da kike gani a gefen shafin, Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, idan aka ce na mutum 20 ne to yana da takardu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Kuma lambar Google Scholar kusan kullum ta fi ta sauran shafukan ƙirga ambato irin su Scopus da Web of Science yawa don shi har kundin ɗalibai yana ƙirgawa, so kar ki haɗa lambar wannan shafi da ta wancan.

Matsalar tibi, wato tarin fuka, ita ce ƙwayar ba ta sauri. Tana ɗaukar awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, idan kin shuka kakin mara lafiya a lab don ganin ko ƙwayar za ta tsiro sai ki jira har sati 6 zuwa 8 kafin ki ce babu komai, maganin kansa wata 6 ne, sannan mai son sanin ko ciwon ya dawo sai ya bi marasa lafiyan shekara ɗaya ko biyu bayan sun gama sha. Toh kinga wanda yake wannan aikin ba zai taɓa kamo wanda ke zaune gaban kwamfuta yana tattara bayanan da wasu suka riga suka fitar ba wajen yawan takardu. Ga kuma manyan takardun haɗaka masu ɗaruruwan sunaye, kowa a cikinsu ana rubuta masa duk saiteshan ɗin ko da tebur ɗaya na bayanai ya tura.

Akwai takardun da suka cancanci lambarsu fa. Wadda Stewart Cole da abokan aikinsa sama da 40 suka fitar a mujallar Nature a 1998, inda suka karanto dukkan tsarin halittar ƙwayar tibi, an ambace ta sau dubbai kuma hakkinta ne, kusan duk mai neman sabon magani ta kanta yake bi.

Amma misalin da ya fi taɓa ni shi ne na tibi mai bijire wa magani. A da sai mutum ya yi wata 20 zuwa 24 yana shan magani da allura. Armand Van Deun da mutanen gidauniyar Damien suka gwada tsarin wata 9 a Bangaladash, suka buga a 2010, kusan kashi 88 cikin ɗari suka warke. Aka zo Nijar aka gwada irinsa, marasa lafiya 65 ne kacal, aka buga a 2014 a mujallar da sai masu harkar tibi ke karantawa. Takardar Nijar ɗin ko kusa ba ta kai ta Nature ambato ba, amma tana cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren tsarin a 2016. Wallahi duk wanda ya taɓa ganin yadda waɗancan alluran ke kurmantar da mutane ya san nauyin rage wa mara lafiya shekara guda.

Haka wanda ke aiki a kan Mycobacterium africanum, wani nau'in ƙwayar tibi da aka fi samu a nan Afirka ta Yamma fiye da ko'ina, masu bincikensa a duniya kaɗan ne, dole masu ambatonsa su yi kaɗan, alhali mu ne muke da buƙatar aikin tunda Najeriya ce kan gaba a yawan masu tarin fuka a Afirka.

Abin da zan ce ki yi, buɗe takardun kowannensu na shekara 5 da suka wuce ki ga a nawa ne sunansa ya zo farko ko ƙarshe, don a fanninmu na farko shi ya yi aikin, na ƙarshe shi ne shugaban tawaga. Ki duba ko shi yake ta ambaton kansa. Ki nemi tsofaffin ɗalibansa ki ji shekara nawa suka yi kafin su gama kuma ko sunansu ya fito a farko. Sannan ki tambaye shi kai tsaye a wane lab za ki shuka ƙwayar, don ba a ko'ina ake yarda a yi ba sai mai tsaro mataki na 3, idan yana da alaƙa da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya ko cibiyar binciken lafiya ta Najeriya (NIMR) da ke Yaba a Legas ya nuna miki a rubuce tun kafin ki biya kuɗin rajista.