Hoton katin shaidata na yawo a WhatsApp, wa zan kai ƙara?

Wani ɗan kasuwa daga Garwa ya rubuto mini. Ya kai fotokofin katin shaidarsa da takardar haihuwa wani ofishin gwamnati, bayan wata biyu sai ya ga hoton katin a hannun ɗan damfara, ana karɓar kuɗin mutane da sunansa. Yana so ya maka ofishin a kotu.

Alhaji, sannu da wannan tashin hankali. Doka tana bayanka. Sashe na 310 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya ce duk wanda ya tona sirrin da ya sani ta dalilin aikinsa, ba da izinin mai shi ba, zai sha ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3, da tarar sefa 20,000 zuwa 100,000. Ga kuma doka mai lamba 2024/017 ta 23 ga Disamba 2024 kan kare bayanan mutane, wadda ba ta ware ofisoshin gwamnati ba. Shi kuwa ɗan damfarar, dokar laifukan intanet ta 2010 ce za ta ci shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne hujja. Ka tabbata daga ofishin abin ya fita? Ka tuna hannu nawa katin nan ya bi: mai shagon fotokofi, yaron da ya yi maka rajistar layin waya a bakin kasuwa, otal ɗin da ka sauka a Ngaundere, wataƙila har ɗan'uwan da ka tura wa hoton ya karɓo maka saƙo. Alƙali ba ya aiki da zato. In ka hau Facebook ka kama sunan ma'aikaci babu shaida, reshe zai juye da mujiya, kai za a tuhuma da ɓata suna.

Kada ka goge komai a wayarka. Ka nemi huisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya duba saƙonnin ya ba ka takarda. Wannan ta fi hoton allon waya nauyi a kotu. Daga nan ka rubuta ƙara ga mai gabatar da ƙara na gwamnati, ko ka kai kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, a kan wanda ba a sani ba, masu bincike su gano shi. Ka karɓi shaidar shigar da ƙarar ka adana, ita za ta kare ka ranar da wanda aka damfara ya biyo sunanka. Ka sanar da ANTIC, hukumar gwamnati mai kula da tsaron intanet, ka kuma je kamfanin wayarka a duba layukan da ke kan sunanka.

Ofishin kuwa, ka rubuta musu wasiƙa, ka tambayi bayanan da suke riƙe da su a kanka da wanda suka ba. Kada dai ka sa ran za a goge ka daga rajistar haihuwa. In bincike ya nuna sakacinsu ne, sannan mu yi maganar diyya a kotun ƙararrakin gwamnati ta Garwa.