Amsa: Yadda ƙaramar a-kori-kura mai AWD ke jan ƙafa huɗu

Malam, ka ce kana son ƙaramar a-kori-kura irin Ford Maverick ko Hyundai Santa Cruz don zuwa gona ta wajen Shika kusa da Zariya, kana tambaya ko AWD ɗinsu, wato tsarin da mota ke jan ƙafa huɗu da kanta, ɗaya ne da na Hilux. Ba ɗaya ba ne.

A kan kwalta, misali daga Kwangila zuwa Samaru, tayoyin gaba ne ke yin yawancin aikin. Kowace taya tana da na'urar da ke auna juyawarta. Da kwamfutar motar ta ga na gaba sun fara sulɓi a laka, sai ta matse wani kuloci da ke kusa da tayoyin baya, ƙarfin injin ya bi ta farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke ƙarƙashin motar, ya isa gare su. Kafin ka ankara an gama, ba ka taɓa komai ba. Idan taya ɗaya ce ke juyawa a banza, sai ta ɗan taka mata birki, ƙarfin ya koma ga wadda ta kama ƙasa.

Hilux kuwa da baya take ja, kai ne za ka sa mata ƙafa huɗu, kuma tana da giyar ƙarfi ta fita daga taɓo. Maverick da Santa Cruz ba su da ita. In ka kafe a watan Agusta da buhunan masara, kana ta ba ta wuta, kulocin nan zafi zai yi, motar ta sake shi sai ya huce.

Tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya. Kada ka haɗa sabuwa da ta gwanjo, wahalar da kulocin take yi.