Akwatin Tambaya: Wasannin Katun a Shagon Unguwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon wasan bidiyo a Rumde Ajiya, nan Garwa, da PlayStation 2 guda biyu da PlayStation 3 guda ɗaya. Tun da na buɗe ƙwallo kawai ake bugawa, manya sun mamaye wurin, ƙanana sai kallo. Mutumin da ke zuba mini wasanni a kasuwa ya ce yana da na katun: The Simpsons, South Park, Family Guy da Bob l'éponge. Ya ce duk na yara ne tunda zane ne. Ni kuwa dama iyayen unguwa ba su gama yarda da ni ba, liman ma ya taɓa yi mini magana a kan yaran da ke makara zuwa makarantar allo. Wanne zan saka, wanne zan bari?
Daga mai shago, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Mai zuba maka wasanni ciniki yake nema, kuma kama da wane ba ta wane. A cikin huɗun nan da ya lissafa, ɗaya ne kaɗai aka yi domin yara tun asali, wato Bob l'éponge, wanda Amurkawa ke kira SpongeBob, shirin tashar Nickelodeon da ya fara a 1999. Sauran ukun shirye-shiryen barkwanci ne na manya, da dare ake nuna su a Amurka, zanen kawai suka ara.

Bari in fara da wanda zai iya rufe maka shago. South Park shiri ne da Trey Parker da Matt Stone suka fara a tashar Comedy Central a 1997. Taurarinsa yara ne 'yan firamare masu manyan kawuna, kamar an yanko su daga takarda, kuma da takardar aka haɗa kashi na farko. Bakinsu kuwa ba linzami. Zagi, batsa, izgili ga addinai, babu wanda suka ƙyale. Wasan da za a zuba maka a PlayStation 3 shi ne The Stick of Truth na 2014, wanda kamfanin Obsidian ya gina, Ubisoft ya fitar. Ta fuskar gwaninta ba ni da abin cewa a kansa: masu shirin da kansu suka rubuta labarin suka yi muryoyin, har in ka leƙo daga ƙofa ba za ka bambance shi da shirin talabijin ba. Amma shekara 18 aka rubuta a kwalinsa. Ubisoft da kansa ya cire wurare bakwai daga kwafin na'urorin wasa da aka sayar a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, ya sa hoto da rubutun da ke bayyana abin da aka cire. Abin da Turawan da suka sayar da shi suka ga ya yi yawa, ka ƙiyasta yadda zai kasance ranar da wani uba ya shigo neman ɗansa bayan la'asar ya tarar da shi a bangon shagonka. Kada ka saka shi, ko da manyan samari sun roƙa, domin talabijin ɗinka a jere suke kuma idon yaro ba ya tsayawa a nasa allon.

Family Guy, wanda masu kallon tashoshin Faransanci suka sani da Les Griffin, shi ma haka. Wasansa na PlayStation 2 ya fito a 2006 da alamar M ta ma'aunin shekaru na Amurka, wato daga shekara 17. Ga rashin kunya, ga shi wasan kansa bai yi wani armashi ba. Ba ka yi asarar komai ba.

The Simpsons ne ke bukatar a zauna a yi magana. Matt Groening ya ƙirƙiro iyalin nan masu launin ɗorawa, suka zama cikakken shiri a tashar Fox a watan Disamban 1989, kuma har yau ana yi. Wasannin da aka yi da sunansu suna da yawa, tun daga na kamfanin Konami na 1991 wanda mutum huɗu ke tsayawa a gaban akwati ɗaya suna dukan 'yan daba. Akasarinsu ba su da daɗi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfani ya sayi izinin amfani da suna, ya ɗauko tsarin wani wasa da ya riga ya karɓu, ya manna masa fuskar Homer, uban iyalin, ya kai kasuwa kafin bikin Kirsimeti. Wasansu Road Rage na 2001 ya yi kama da Crazy Taxi na kamfanin Sega har Sega ɗin ya kai ƙara kotu, daga baya suka sasanta a waje.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. Barkwanci sau ɗaya yake ci. A talabijin Homer zai yi wautarsa, ka yi dariya, labari ya wuce, cikin minti ashirin da 'yan kai an gama. A wasa kuwa yaro zai faɗi a wuri ɗaya ya sake, ya faɗi ya sake, kuma duk sakewa sai an maimaita masa wannan maganar da ta ba shi dariya da farko. Kafin ya tsallake wurin ta zama abin haushi. Kai da za ka wuni a shagon kana ji, kai za ka fara gajiya. Saboda haka wasan da aka ɗauko daga shirin ban dariya ba ya tsayuwa sai in ko an kashe sauti akwai abin da zai riƙe mai wasa.

Wanda ya ci wannan jarrabawa shi ne The Simpsons: Hit & Run na 2003, aikin kamfanin Radical Entertainment da ke Bankuba a Kanada. An ba ka garinsu, Springfield, a buɗe, ka shiga mota ka zaga, ka sauka ka taka da ƙafa, ka karɓi aike, ka yi tsere. Mataki bakwai ne, ana wasa da Homer, Bart, Lisa, Marge da Apu mai kanti. Marubutan shirin sun sa hannu a labarin, masu muryoyin asali suka yi magana, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 3. Tsarinsa daga Grand Theft Auto aka kwaikwayo, kowa ya san haka, sai dai an zare bindiga da jini. In ka buge mutum zai wuntsila ya tashi yana mita, in ka cika ɓarna 'yan sanda su biyo ka su ci ka tarar kuɗin wasa 50. Alamar T aka ba shi a Amurka, daga shekara 13. Ni ra'ayina ka saka shi, amma ka san abin da ke ciki: Homer mashayin giya ne, mashayar Moe na nan a gari, Bart ba ya ganin girman ubansa, mataki na ƙarshe kuma daren fatalwa ne da gawarwaki ke yawo a titi. Ɗan sakandare zai ɗauke shi wasa. Ɗan shekara bakwai ka tura shi wurin Bob.

Na Bob ɗin da za ka nema shi ne Battle for Bikini Bottom, shi ma na 2003, alamar E, ta kowa da kowa. Tsalle-tsalle ne da fasa mutum-mutumi da tara cokulan zinariya. Ya yi kyau har aka sabunta shi a 2020 domin sababbin na'urori.

Yanzu maganar aljihu, wadda ba ka tambaya ba amma ita za ta fara cizonka. Ƙwallo tana da ƙarshe: mutum biyu sun biya, an buga, alƙali ya hura usur, na gaba su zauna. Waɗannan kuwa labari ne mai tsawo, mutum ɗaya ke riƙe da abin dannawa, kuma ba zai tashi don kansa ba. Ka yanka kuɗin da minti, ka ajiye agogo inda kowa ke gani. Ka tanadi katin ajiya na PlayStation 2 ɗin, domin ranar da aka ɗauke wuta yaro ya rasa aikin mako guda, kukan a kanka zai ƙare. In kana son wanda mutum biyu za su yi tare, akwai The Simpsons Game na 2007 daga kamfanin EA, ana raba allo gida biyu, yana kuma kan na'urorinka duka.

Abu na ƙarshe. Wasan da aka zuba maka a kasuwa ba ya zuwa da kwali, alamar shekarun kuwa a kwali take. Kafin ka karɓi kowanne, rubuta sunansa a wayarka tare da kalmar PEGI. Ma'aunin Turai ne, lambobinsa 3, 7, 12, 16 da 18. Batun liman kuwa, kashe na'ura lokacin salla da lokacin allo zai yi maka abin da zaɓen wasa ba zai yi ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina buga The Simpsons: Tapped Out a wayata, na gina gari babba, har yayana da ke Faransa ya taɓa saya mini donot, wato kuɗin cikin wasan. Na canza waya, na neme shi a Play Store babu. Wani ya turo mini shi ta WhatsApp ya ce zai yi. In saka?
Daga wata ɗaliba, Njamena.

AMSA: 'Yata, ba wayarki ba ce, kuma ba Chadi kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin EA ya fitar da wasan a 2012, ya cire shi daga shagunan waya ranar 31 ga Oktoban 2024, sannan ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da shi ranar 24 ga Janairun 2025. Garin da kika gina a can wurinsu yake ajiye, wayarki taga ce kawai da kike leƙawa, shi ya sa ba ya buɗewa sai da intanet. Da suka rufe, garin ya tafi, kuɗin yayanki ma sun bi shi. Kin ga mai shagon Garwa da ke sama, wasan 2003 zai ci gaba da yi masa aiki muddin na'urarsa na da rai, domin ba ya neman izinin kowa kafin ya tashi.

Abin da aka turo miki kada ki saka. Ba daga kamfanin ya fito ba, ba zai dawo miki da garinki ba, kuma manhajar da ba a san asalinta ba tana iya karanta saƙonninki, har da lambobin sirrin da ake turo miki na kuɗin waya. Haka duk wanda ya ce miki yana da Hit & Run na Android, domin masu wasan ba su taɓa fitar da shi a waya ba. Ki goge saƙon, ki kuma gaya wa wanda ya turo ya cire shi daga tasa wayar.