Ina zuwa wajensa, amma sai sauraro kawai yake yi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce sau uku kenan kina zama da masanin halayyar ɗan Adam, bai taɓa ce miki yi kaza ko bar kaza ba, har kin fara zargin bai san aikinsa ba.

Da alama yana bin tafarkin da Carl Rogers, wani masani ɗan Amurka, ya shimfiɗa tun shekarun 1940. Kafin nan hanyoyi biyu ne suka yi kane-kane a fagen: ta likitan nan Sigmund Freud mai tono abin da ke binne a zuciya tun ƙuruciya, da ta masu ganin lada da horo ne ke gina ɗabi'a. Rogers da takwaransa Abraham Maslow suka ce mutum yana da ikon gyara kansa idan ya samu yanayin da ya dace, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A 1957 Rogers ya lissafa sharuɗɗa shida da yake ganin sai da su sauyi ke samuwa, amma uku ne suka fi shahara, kuma da su za ki auna mutumin nan. Ya kasance abin da ke fuskarsa shi ne a ransa. Ya karɓe ki yadda kike ba tare da gindaya sharaɗi ba. Sannan ya fahimci damuwar daga inda kike tsaye, ya kuma nuna miki ya fahimta.

A na ukun nan ake yawan yin tuntuɓe. Idan kika ce "na gaji da gidan nan", ya amsa da "kin gaji da gidan", wannan aikin aku ne, kuma sababbin shiga sun fi faɗawa cikinsa saboda tsoron kada su sa baki. Ƙwararre zai ce, "Kamar kina ta ɗawainiya ba wanda ya lura, haka ne?" Ko da bai dace ba, gyara masa da za ki yi shi zai fito miki da ainihin abin da ke cin ki. Shirunsa ma da gangan ne. Sau da yawa maganar da ta fi nauyi bayan shiru take fitowa. Karɓar ki yadda kike kuma ba ta nufin ya yarda da duk abin da kika aikata.

Yawanci zama ɗaya minti 50 ne, sau ɗaya a mako, don haka uku sun yi kaɗan a yanke hukunci. A zama na gaba ki faɗa masa ƙarara cewa rashin shawarar yana damun ki, ki tambaye shi tsarin da yake bi. Mai bin tafarkin da gaske ba zai ji haushi ba. Ki kuma lura ko kin fara furta abin da ba ki taɓa gaya wa kowa ba.

Sai dai sauraro ba ya isa ko'ina. Tsoro mai tsanani na wani abu takamaimai, ko waswasin da ke sa maimaita wanke hannu, sun fi jin hanyar CBT, wato ta gyaran tunani da ɗabi'a, mai atisaye da aikin gida. Idan kuwa akwai tunanin kashe kai, ko jin muryoyin da wasu ba sa ji, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jiran zama na gaba ba.